Kance da Matamaye: inda harawa ke zama nama

Wanda ya fito daga Damagaram ya kama hanyar Kano, kafin ya yi kilomita 100 zai iso Kance da Matamaye. Daga nan iyakar Najeriya ba nisa, sai a wuce Ɗan Barto a nufi Daura. Ƙasa ce ta jigawa, mai yawan jama'a. Gona tana manne da gona, dajin kiwo ya yi kaɗan. Saboda haka ragon mutanen nan a gida yake ci, a turke.

Abin da baƙo zai fara gani da rani shi ne gawo. Bayan farin 1984 manoma suka riƙa barin ƴan itatuwa suna girma cikin gonakinsu. Yau gawo ya cika ƙasar. Shi gawo da damina yake zubar da ganye. Da rani ya yi kore, ya ba da ƴaƴa lokacin da ciyawa ta ƙare. Abu na biyu shi ne dammunan harawa, ta wake da ta gyaɗa. Ga su bisa rumfa, ga su bisa ɗaki, har cikin rassan itace, don tsaron awaki da gara.

A gida da yawa akwai rago ɗaya ko biyu a turke, kuma sau da yawa na mata ne. Akwai Uda, mai baƙin gaba ko jan gaba da farin baya. Akwai Balami, fari fat, dogo, mai manyan kunnuwa. Ana sayen ɗan rago, a turke shi kamar wata 3, a sayar in Layya ta matso. Ƴan kasuwa su kwashe zuwa Damagaram, ko Yamai, ko kasuwar Mai'aduwa a ƙetaren iyaka.

Turkar iri biyu ce. Wasu harawa da ƙowa da ƴaƴan gawo suke ba rago. Wasu kuwa gaggawa suke yi, sai su cika masa kwano da dussa, har da hatsi da dawa. Naman biyun ba ɗaya ba ne.

Ragon harawa a hankali yake girma. Tsokarsa ja ce sosai, kitsensa kaɗan ne, mai tauri, wani lokaci da ɗan ruwan ɗorawa. Ƙanshin namansa ya fi ƙarfi. Ragon tsaba ya fi saurin ƙiba. Tsokarsa ba ta kai waccan ja ba, tana da taushi. Amma farin kitse yana taruwa a bayansa, da cikin cikinsa, da wajen ƙoda.

Ranar Layya ake ganin gaskiya. An soke raguna a sanduna, an jera su kewaye da wuta tun daga hantsi har dare. Ragon da ya cika kitse sai ya yi ta ɗiga cikin toka. Kuɗin tsabar da ya ci ke nan suke zuba ƙasa. Ragon da ya rame kuma sai namansa ya bushe, ya yi tauri. Na tsakiya ne ke faranta ran maigida: tsoka cike, kitse daidai wanda zai isa a soya nama a ajiye.

Yawan tsaba yana da haɗari. In rago ya ci hatsi da yawa ba tare da sabo ba, cikinsa yana tsami, ya kumbura, ya yi zawo, har ya mutu. Dussa kuma in ta yi yawa, ba harawa, takan sa tsakuwa ta toshe masa hanyar fitsari. Harawa tana rage wannan ciwo. Ban da haka, sai rago ya ci kilo da yawa na tsaba kafin ya ƙara kilo ɗaya na nama. Tiyar hatsin da aka zuba masa, tuwon yara ne aka rage.

Ga hanyar da ta fi. Rago mai kilo 30 yana cin kamar kilo 1 na busasshen abinci a yini. Kashi biyu su zama harawa, kashi ɗaya dussa. A fara dussa kaɗan-kaɗan, a ƙara cikin mako biyu. Kafin a turke shi, malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki. A ɗaure shi a inuwa, da ruwa mai tsabta, da ɗan gishiri.

A 2024 da 2025 Layya ta faɗo cikin watan Yuni. Kowace shekara tana matsowa da kamar kwana 11. Ke nan turka tana faɗawa tsakiyar bazara, lokacin da damin harawa ya fi tsada. Wanda ya yanke harawarsa da kaka tana kore, ya shanya ta a inuwa don kada ganye ya zube, shi ne mai riba. Hatsinsa yana rumbu, ragonsa yana ƙiba. A ƙasar Kance, ragon Layya tun da kaka ake fara kiwonsa.