Wanda ya riƙe dangi, wa zai riƙe 'ya'yansa?

Kwanakin nan hotunan ta'aziyya sun cika Facebook, kalmomin kuma kusan iri ɗaya ne: bango ya faɗi, uban marayu ya tafi, ba mu da kamarsa a zuri'a. Ban ce ƙarya ake yi ba. Yawanci gaskiya ce, kuma gaskiyar ce take ƙona mini rai. A kowane dangi akwai mutum ɗaya, namiji ko mace, wanda idan an kwantar da wani a asibiti shi ake fara kira, idan an koro yaro saboda kuɗin makaranta gidansa ake nufa, idan za a aurar da marainiya shi zai sayi gado da katifa. Ran da ya rasu kowa ya yi kuka na gaske. Bayan sadakar arba'in sai ƙafa ta ɗauke, a bar matarsa da yara da kuɗin haya. Talaucin da irin wannan mutum yake bar wa iyalinsa bashi ne a wuyan waɗanda suka ci moriyarsa, kuma yabo ba ya biyan bashi.

Waɗanda suka daɗe suna karanta ni sun san ba na gajiya da zancen masaƙun Kakuri da ke Kaduna, domin nan ne hujjar ta fi fitowa fili. Tun da masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, sannan Arewa Textiles da UNTL da Nortex suka biyo baya, mutane suka riƙa kwararowa daga Zariya da Katsina da Kafanchan da Filato da Binuwai. Ma'aikaci ɗaya mai ɗaki ciki da falo a Makera ko Nasarawa shi ne masaukin ƙauyensu gaba ɗaya. Idan ya tafi aikin dare ƙanensa ya hau gadonsa, sauran su shimfiɗa tabarmi a falo, uwargida kuma ta ƙara ruwan miya ba tare da ta ɓata fuska ba. Albashi kafin ya shigo an riga an raba shi: kuɗin taki zuwa gida, kuɗin jarabawar ƙane, maganin tsohuwa. A rikicin Kaduna na 2000 da na 2002, lokacin da iyalai suka riƙa ƙetare kogi suna neman inda za su tsira, irin waɗannan mutane ne suka sake buɗe ƙofa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa suka mutu ba su karɓa ba. Yau wasu daga cikin ƙannen da aka karantar da albashin masaƙa suna da gidaje a Barnawa da Abuja, 'ya'yan wanda ya karantar da su kuwa suna jan keke napep a hanyar Sabon Tasha.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai don Allah ya yi, ladansa na wurin Allah. Haka ne, kuma Allah ba ya tozarta aikin kowa. Amma ikhlasinsa tsakaninsa da Ubangijinsa ne, bai sauke maka nauyin zumunci ba. Don bai taɓa goranta maka ba, ba shi ne zai sa ka manta ba. Za a kuma ce shi ya jawo, ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha, me ya hana shi sayen fili ko tanadi wa 'ya'yansa? Wannan maganar ta fi kowacce ciwo idan ta fito daga bakin wanda kuɗin filin ne aka biya masa makaranta da shi. Lokacin da kake miƙa hannu ba ka ce masa ya yi tanadi ba.

Wasu za su ce rayuwa ta yi tsada, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ta kansa yake yi. Ban musa ba. Amma ina ganin abin da ake kashewa a zaman makoki, Musulmi da Kirista duka: rumfa da kujeru, buhunan shinkafa, anko, kalanda mai hoton mamaci, wani lokaci har da kuɗin ajiye gawa na makonni. Dangin da suka iya haɗa wannan cikin kwana uku za su iya haɗa kuɗin zangon karatu ɗaya. Shi ma marigayin ba a cikin yalwa ya yi ba, a cikin rashi ya yi.

Abin da na sani kaɗan ne, amma ga shi. A shari'ar Musulunci bayan kuɗin jana'iza bashi ake fara biya, sannan wasiyya da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan gado. Mai hidimar dangi sau da yawa da bashi yake mutuwa, kuma don wani ya ciwo shi, saboda haka wanda aka ciwo dominsa ya fito ya biya tun kafin a taɓa ɗan abin marayu. Matar da ke takaba wata huɗu da kwana goma ba ta fita neman abinci kamar da, a tabbata hayar wannan lokaci da abincinta suna kan wani sananne. A zauna tun kafin a watse daga makoki, a rubuta sunan kowane yaro da sunan wanda ya ɗauki karatunsa, domin "za mu duba" ba ta taɓa biyan kuɗin makaranta ba.

Ba na hana kowa sa hoto ko yin addu'a, Allah ya jiƙan magabatanmu ya kyauta namu ƙarshen. Amma kai da ka kwana a falon kawunka ko yayanka har ka zama mutum, kafin ka sake rubuta cewa ba ku da kamarsa, ɗauki waya ka tambayi matarsa ko yaran suna zuwa makaranta, kuma nawa ya rage na haya.