Zaren Mata Huɗu A Sabon Ibadan

A unguwar Sabo ta birnin Ibadan, wanda fataken Hausawa suke kira Badun, akwai wani gida a bayan layin masu goro inda akan ji wata ƙara da yawancin yaran yanzu ba su san ta ba. Ƙara ce 'yar siririya kamar ta zuma a cikin tulu, takan tashi daga bayan sallar azahar, ba ta yankewa sai an kira la'asar. Mazari ne yake juyawa a cikin ƙoƙo. Mai shi kuwa wata dattijuwa ce wadda babba da yaro a layin suke kira Goggo, har sunanta na yanka ya ɓace wa mutane.

An kawo ta amarya ne daga wani ƙauye na ƙasar Funtuwa tun ana ciniki da fam da sule, watau kafin canjin kuɗi na 1973. A lokacin Sabo ta riga ta tsufa, domin tun cikin 1916 aka keɓe ta ga Hausawa masu fataucin goro da shanu. Cikin kayan ɗakin amarya, ban da tasoshi da kwalla, kakarta ta sa mata taskira guda, da mazari uku, da dutsen gurza da ƙarfensa, da bakan shiɓa. A wajen tsohuwar, yarinyar da ta tafi gidan miji ba ta iya kaɗi ba tamkar an aika ta rijiya ba guga ne.

Tsohuwar tana da hujja, gama a zamaninta zaren mata ba abin wasa ba ne. Sa'ad da Turawa suka kafa ƙungiyar noman auduga ta Ingila a 1902, suka kuma ja hanyar jirgin ƙasa har ta isa Kano a 1911, burinsu shi ne audugar Arewa ta gangara masaƙun ƙasarsu. Sai suka tarar makaɗa da masaƙan gida suna sayenta da tsadar da ta fi tasu, manoman Kano kuwa suka karkata ga gyaɗa. Abin da ya kashe kasuwar kaɗi daga baya shi ne zaren inji, musamman bayan da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu kuma suka biyo ta. Zaren da mace za ta yi mako tana murzawa, inji ya fitar da shi kafin a sha ruwa. Ita ma masaƙar Kadunan ta rufe a 2002. Saboda haka kayan Goggo suka yi shekaru masu yawa a ƙarƙashin gado, ba mai taɓa su sai gizo-gizo.

Takaba ce ta fito da su. Bayan rasuwar maigidanta, da 'yan gaisuwa suka janye, yini ya yi mata tsawo, sai wata rana ta jawo taskirar don kawai hannu ya sami abin yi. Mata uku da suke zuwa taya ta zama suka gani, daga nan kuwa zaman bai watse ba ko da ta fita takaba.

Ta farko ita ce Hajiya, Bakanuwa, wadda ta girme su duka, Goggo tana ce mata Yaya. Sanyin ƙashi ya riga ya lanƙwashe mata yatsu, ba ta iya murza mazari, don haka ta ɗauki gurza da shiɓa. Ta biyu Iya ce, Bayarabiya mutuniyar Iseyin, wadda ta yi aure a Sabo tun tana yarinya, Hausa a bakinta kamar a Zariya aka haife ta. Ta uku Malama, wadda ta yi ritaya daga koyarwa a firamare, ita ce ƙaramarsu, ita ce kuma ba ta zo da auduga ba. Da ulu ta zo, da kwarashi da tsinkayen saƙa, abin da ta koya a makarantar horon malamai mata. Ba a yin suna a layin nan ba a ga jariri cikin hula da safar hannunta ba.

Aikin auduga yana da matakai, kowanne da halinsa. Hajiya takan shimfiɗa 'yar auduga a kan dutse, ta danna ƙarfe ta mirgina shi da tafin hannu, angurya ta riƙa fita gaba tana barin farin a baya. Sa'an nan ta ɗauki baka ta riƙa fizgar tsirkiya a cikin audugar har ta tashi ta yi laushi kamar kumfa, a naɗe ta a yi sutu. Daga nan aiki ya koma ga makaɗiya. Ta riƙe sutu a hagu, ta dangwali alli da yatsun dama don kada su yi santsi, ta murza tsinken mazari, nauyin gululu ya riƙe juyin, hannun hagu kuma ya yi ta yin sama a hankali zare yana fita daga cikin audugar. In ta ja da sauri ya tsinke, in ta yi nawa ya yi ƙulli. Ba a koya wannan da baki. Goggo arafiya take yi, watau siririn zare mai ƙarfi wanda akan yi wadari da shi. Iya kuwa abawa, mai kauri da laushi, wadda masaƙi yake jefawa a tsakani.

Tsakanin Goggo da Malama ba a rasa tsiya. Goggo takan ce saƙar ulu aikin gaggawa ce, mutum ya sayi zaren da bai san uwarsa ba bai san ubansa ba ya hau ƙullawa. Malama kuma takan ce ita dai ba ta taɓa ganin jaririn da abawa ta hana shi mura ba. Gaskiyar magana kowacce tana da rabin gaskiya, sai dai Goggo ta fi dacewa fiye da yadda ta sani, domin yawancin abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan ulu ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake yi daga man fetur. Tumakin ƙasar nan, Uda da Balami da 'Yankasa, ba su da gashin da za a kaɗa. Iya ce mai raba faɗa, da labarin garinsu: yadda masaƙan Iseyin suke ji da tufafin da suke kira sanyan, na zaren tsamiya, da kuma alaari, jan nan da sunansa ya fito daga alharinin da fataken Hausawa suke kawowa. A kan wannan hira akan kai ga maganar 'ya'ya da kishiyoyi da bashi da ciwo, abin da ba a faɗa ido cikin ido, amma yakan fita da sauƙi in kowa idonta yana kan hannunta.

An daɗe ana haka kafin su lura Goggo ba ta sayar da ko sili ɗaya ba. Duk mazarin da ya cika sai ta warware ta dunƙule ta jefa a akwati. Malama ce ta tambaya, Goggo kuwa ta amsa ba tare da ta ɗago ba, ta ce likkafaninta take kaɗawa. Ta ce da zaren hannunsu aka rufe kakarta da mahaifiyarta, ita ma ba ta so ta tafi cikin yadin da ba ta san haƙƙin wa ke jikinsa ba.

Da maganar ta kai kunnen ɗanta na fari, wanda ba ta faɗin sunansa sai dai ta ce Alhaji, ransa ya ɓaci. Ya zo da dare ya durƙusa ya ce, “Inna, so kike a ce na kasa? A ce ina raye a garin nan uwata tana kaɗin likkafani?” Kashegari ya aiko da turmin alawayyo. Kada a yi saurin ganin laifinsa. A wuri irin Sabo, inda kowa ya san cinikin kowa, mutuncin ɗan kasuwa jarinsa ne. Har malamin unguwa ya kawo, wanda ya bayyana cewa abin da ake so shi ne fari mai tsarki, uku ko biyar ko bakwai kamar yadda ya zo a Risala, kuma zaren hannu bai fi na inji lada ba. Goggo ta saurara da ladabi, ta yi godiya, ta sa alawayyon a akwati. Da azahar ta yi, mazari ya tashi.

Abin da malami bai iya ba, ido ya so ya iya. Yana ta fara rufe mata gani, har ta kai ba ta ganin silin da ke fita daga hannunta, ga ta kuma da tsoron wuƙar likita. A nan Malama ta yi abin da ya fi dukan hulunan da ta saƙa. Ta ajiye kwarashi ta ce, “Goggo, mu yi ciniki. Ki yarda a kai ki a cire yanar nan, ni kuma in zauna ki koya mini kaɗi, ki zage ni yadda kika ga dama.” An yi wa ido ɗaya aiki ya buɗe. Malama kuma ta cika alkawari, tana da shekara sittin da ɗoriya ta zama 'yar koyo, zarenta wani wuri kamar igiyar guga, wani wuri kamar gashin jariri. Goggo ba ta yar da ko ɗaya ba, duk ta zuba a akwati.

Auduga ba ta samuwa a Ibadan yadda suke so. Ɗan Hajiya ne, mai sayar da albasa a kasuwar Sasa, yake sa direbobi su riƙo musu buhu daga Arewa in kaka ta yi. A cikin watan Fabrairu na 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar, aka yi asarar rayuka, aka ƙona rumfuna da gidaje. Rumfarsa tana ciki. Ya tattara iyalinsa ya koma Kano, ya ce ba ya barin uwarsa a baya. Hajiya ba ta so ba, gama a Sabo ta binne miji da 'ya'ya biyu, amma tsohuwa ba ta da gardama da mai ciyar da ita. Ranar tafiya Iya ce ta ɗaukar mata ƙullin kaya har bakin mota, ba wadda ta ce wa 'yar'uwarta komai game da waɗanda suka yi faɗan.

Wata biyu babu ƙarar mazari a gidan. Sai ga yaron motar goro ya yi sallama da buhu a kafaɗa, mara nauyi. Da aka kwance, auduga ce gurzajjiya, shiɓaɓɓiya, an naɗe ta sutu-sutu an jera. Da waɗannan lanƙwasassun yatsu Hajiya ta zauna a Kano ta yi nata rabon aikin. Haka buhu ya yi ta zuwa.

Da zare ya taru, Iya ta kai shi Iseyin wajen wani ɗan'uwanta masaƙi. Mutumin ya juya dunƙulen ya yi tsaki, ya ce rabonsa da zaren hannu tun yana yaro a gaban ubansa, ya kuma ce wannan ba hannu ɗaya ba ne, zai ba shi wahala. Ya dai saƙa, siriri-siriri kamar yadda suke yin nasu, aka haɗa aka ɗinke, ya ba da zane biyar. Ba fari fat ba ne kamar alawayyo, yana da ɗan duhun madara, ga kaushi. Goggo ta rufe ido ta bi shi da yatsa tana cewa nan Iya ce, nan ni ce, nan kuma, inda ya yi tudu, ba sai an faɗa ba.

Ba a yi nisa ba labari ya zo Hajiya tana kwance, jiki ya ƙi. Goggo ta kwana ba ta runtsa ba, da safe ta fito da zane uku ta ce a kai Kano. Malama ta dafa ƙirji ta ce, “Haba Goggo! Ana aika wa mai rai likkafani? 'Ya'yanta za su ce fata muke yi mata.” Goggo ta ce in an jira sai ta cika, kafin mota ta wuce Ilori an rufe ta, kuma babu ƙwayar angurya guda a cikin tufan nan da ba Yaya ce ta fitar ba. Suka yi yini suna ja. A ƙarshe Iya ta kawo dabara, aka naɗe zannuwan da goro da turare a ciki, aka ce wa yaron mota ya ce tsaraba ce, mayafi ne na sanyi.

Bayan kwana huɗu waya ta yi ƙara. Muryar ta yi ƙasa ƙwarai, amma dariya take yi. Ta ce, “'Yar Funtuwa, mayafi ya iso, na kuwa gane shi. To ke da kika rage naki fa?” Goggo ta ce, “Yaya, ai akwai na Alhaji a akwati.” Daga nan ba wadda ta iya ƙara magana, sai jikar Hajiya ce ta karɓi wayar ta yi sallama. Ta rasu kafin damina ta fita, kuma 'yarta ta aiko da cewa ta yi wasiyya, da shi aka rufe ta.

Zane biyu suka rage, Goggo kuwa ta ce ba ta son cikon alawayyo in da hali. Alhaji bai sake tayar da maganar ba. Da kaka ta yi, shi da kansa ya sa aka kawo buhun auduga daga Funtuwa, ya ajiye a ƙofar ɗaki ya wuce kamar bai san da shi ba. Matsalar ita ce babu mai shiɓa. An ɗora wata jikar Iya 'yar shekara goma sha biyu a kan aikin, tana riƙe bakan a karkace, auduga tana tashi tana sauka a kan ulun Malama, Malama tana faɗa. Daga buhun Hajiya na ƙarshe saura sutu bakwai a cikin taskira. Goggo ta ce a bar su tukuna, sai an zo gefen zane.