Hayar Mota Ba Direba: Kwana Biyar Tsakanin Guri da Gashuwa



Abin da muka sani a ƙasarmu shi ne shata. Idan biki ya taso ko ta'aziyya, sai a je tasha a yi ciniki da 'yan kamasho, a ɗauki mota da direbanta har da yaron mota, su kai ku su dawo da ku. Amma a ce mutum ya miƙa maka makullin motar da yake ci da iyalinsa da ita, ka tuƙa da kanka, ka kwana a cikinta, ka dawo bayan kwanaki, wannan baƙon al'amari ne, kuma duk wanda ka tunkara da shi sai ya dube ka sau biyu. A ƙasashen Turai da Ostareliya kuwa sana'a ce zaunanniya: akwai kamfanonin da ba su da aiki sai bayar da hayar mota mai gado da murhu da tankin ruwa a cikinta, mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki ƙarama, ya zaga ƙasa da iyalinsa ba tare da ya biya kuɗin masauki ba. Tun a shekarun 1950 Jamusawa suke gyara ƙananan bas-bas na Volkswagen don wannan manufa. Mu a nan Guri ba mu da irin wannan, saboda haka da bukata ta kama ni a watan Janairun 2024, sai na haɗa tawa da hannuna.

Bukatar kuwa ta mahaifina ce. Baba tsohon fataken kifi ne. A ƙuruciyarsa yakan sayi banda a bakin ruwa ya kai Nguru, inda layin dogon da ya taso daga Kano ya tsaya tun wajen 1930, a loda a jirgi a yi Kudu da shi. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, ga lalurar da ba ta barinsa ya yi dogon zama ba tare da an tsaya ba, kuma motar haya ba ta tsaya wa tsoho sau shida a hanya. Yana da ƙanwa a Gashuwa wadda rabonsu da juna ya kai shekara goma sha ɗaya. Kullum sai ya ce, "Kai dai ka kai ni in gan ta, in kuma ga ruwan nan da idona." Shata da direba na kwana biyar ta fi ƙarfin aljihuna, musamman bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Abin da zan iya shi ne in sami mota, in zama direban kaina.

Mutum na huɗu da na nema shi ya amince, wani Alhaji mai tsohuwar hayis da ke jigila tsakanin Guri da Haɗeja, shi ma don direbansa ya tafi jinya ne motar tana ajiye. Muka cire kujeru biyu na baya, muka shimfiɗa katifa, na ɗaura igiyar gidan sauro daga ƙofa zuwa ƙofa. Sauran kaya ba su da yawa: risho, tukunya biyu, jarkar ruwa, jarkar mai, tabarmi, butoci, shebur da katako guda biyu saboda yashi. Mu biyar ne: Baba, ni, uwargida, da yara maza biyu.

A nan nake son mai karatu ya ɗan dakata tare da ni, domin mafi yawan rigingimun da ake yi kan haya a ranar farko ake shuka su, lokacin da kowa ke jin kunyar kowa. Malamanmu na mazhabar Malikiyya, tun daga Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani har zuwa Muhtasar na Halil, sun yi wa babin haya shimfiɗa mai kyau. Dole a san kuɗin, a san muddar, a san irin amfanin da za a yi da abin. Wanda ya ɗauki haya amintacce ne: idan abin ya lalace a hannunsa ba da sakaci ko ƙetare iyaka ba, babu ramuwa a kansa. Amma idan ya wuce wurin da aka ambata, ko ya ɗora nauyin da ba a yi da shi ba, to ya fita daga inuwar amana ya shiga ta lamuni. A kan raƙumi da jaki suka yi maganar, sai ga shi ta zauna daram a kan hayis. Don haka na ce wa Alhaji mu rubuta. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, tsakanina da kai har sai an ɗauko biro?" Na ce ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba a kan maƙiya ta sauka ba. Muka rubuta a gaban mutum biyu: kwana biyar, mutum biyar, iyaka Gashuwa da kewayenta ta hanyar Nguru, mai a kaina, in dawo da ita kafin magaribar kwana na biyar.

Ranar farko muka bi ta Kadira da Abunabo da Musari muka faɗa Baturiya. Wanda bai san wannan ƙasa ba zai yi zaton shimfiɗaɗɗiya ce, alhali tudun yashi ne dogaye a jere, wato jigayin da jiharmu ta samo sunanta daga gare su, ruwa yana ratsawa ta tsakaninsu yana rarrabuwa. Kogin Haɗeja da na Jama'are a nan suke warwatsewa cikin fadamu kafin su haɗe su zama kogin Yobe, ya nufi tafkin Cadi. Lokacin hunturu ne, lokacin da tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suke sauka su cuɗanya da namu na gida, su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da belbela. Saboda su ne aka sanya dausayin Baturiya cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Yara suka yi ta ƙirga har suka gaji. Baba kuwa ba tsuntsu yake kallo ba. Yana nuna wurare da sandarsa yana cewa nan da kwalekwale ake wucewa, can kuma mashigi ne. Duk inda ya nuna, kacala ce tsaye ta fi mutum tsawo.

Kacalar nan tana da tarihi. Da can ruwa yakan zo da ƙarfi da damina ya malale fadama, da rani ya janye ƙasa ta bushe, ciyawar ta mutu. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ambaliyar shekara ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan har da rani. Wurin da ba ya bushewa shi kacala take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta sa wani gari ya nutse wani kuma ya rasa, ta zama gidan jan-baki mai cinye shinkafa. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a wannan yanki ya san abin da toshewar hanyar ruwa take jawowa. Ni a ganina wanda ya zauna a Kano yana buɗe famfo ya kamata a kawo shi nan ya kwana ɗaya, ya ga ƙarshen bututun.

Daren farko a gefen wani ƙauye muka yada zango, bayan na je na yi sallama da mai unguwa, domin a wannan zamani ba a fakin baƙuwar mota a bakin gari a yi shiru. Ya aiko mana da tuwon shinkafa da miyar kifi, ya kuma sa aka nuna mana inuwar wata tsamiya kusa da masallaci. Baba da yara suka kwana a mota, uwargida aka shigar da ita cikin gida, ni na shimfiɗa tabarma a gindin taya. Mun yi ƙasaru tun da muka bar gidajen Guri, tunda tafiyar ta haura mil arba'in da takwas da malamai suka ƙayyade, kuma babu inda muka yi niyyar zaman kwana huɗu. Ƙaramin yaron ya ƙi alwala da ruwan fadama wai ya yi ja. Kakansa ya ce, "Kai angon birni, ruwan da ƙasarsa ce ta sauya masa launi ai mai tsarki ne, ubanka ma da shi aka yi masa wankan jego." Hukuncin daidai yake, zancen wankan ne ban da shaida a kai.

Nguru ba mu daɗe ba. Baba ya sa na kai shi tsohuwar tashar jirgi, ya tsaya ya dubi ƙarafunan, ya ambaci sunayen mutum huɗu ya yi musu addu'a, muka wuce.

Saura kaɗan mu shiga Gashuwa, a wani wuri da kwalta ta ɓare, na ji ƙara a baya, motar ta karkata. Sifirin ɗaya ya karye. A hankali muka lallaɓa har garejin wani bakanike, wanda da ya kwance ƙarfen sai ya kira ni ya nuna mini bakin karayar: rabi ya yi tsatsa baƙi ƙirin, rabi yana ƙyalli. Wato tsagewar ta daɗe, ramin nan ƙarasa ta kawai ya yi. Na ɗauki hoto da waya, na biya, na sa guntun ƙarfen a ƙarƙashin kujera. Haɗuwar Baba da Gwaggo kuwa ba zan iya rubuta ta ba. Sun zauna a tabarma ɗaya har aka yi kiran isha, rabin hirar da Badanci, harshen mahaifiyarsu, wanda ban taɓa jin Baba ya yi doguwar magana da shi ba sai ranar.

Washegari muka leƙa Dagona, tafkin tsuntsayen da Yarima Filip na Ingila ya ziyarta a 1989, muka kamo hanyar dawowa. A Nguru, daren kwana na huɗu, muna shan shayi, Baba ya ce, "Tunda ga mu ga mota, ka kai ni Machina. Akwai kabarin malamina a can, daga nan ba nisa." Gaskiya ne ba nisa, kuma man da ke tanki zai isa. Amma Machina ba ta cikin takarda. Na kira Alhaji na roƙe shi ƙarin kwana ɗaya da ƙarin kuɗi. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Na riga na karɓi kuɗin mutane, jibi da asuba za ta ɗauki tattasai zuwa kasuwa, kuma hanyar can ban yarda da ƙafafun motar nan a kanta ba." Babban yarona ya matso ya ce a hankali, ai in muka yi sammako muka je muka dawo, wa zai sani?

Na jima ina juya maganar. Haƙƙin mahaifi ba abin wasa ba ne, kuma na san wataƙila wannan ce fitarsa ta ƙarshe. To amma motar ba tawa ba ce, mai ita ya ce a'a da bakinsa, kuma idan wani abu ya same ta a hanyar Machina, abincin gidaje biyu ne zai tsaya, nasa da na direbansa, ban da masu tattasai. Biyayyar da zan yi wa Baba da dukiyar wani ba tawa ba ce balle in bayar. Na durƙusa na gaya masa yadda muka yi. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "To, Allah Ya sa haka ya fi alheri," ya juya ya fuskanci arewa ya yi wa malaminsa addu'a daga inda yake zaune. Har muka iso gida bai ƙara tayar da zancen ba, kuma shirun nan ya fi mini faɗa nauyi. Har yau bai je Machina ba, ƙafar kuma ta ƙara nauyi.

Mun shigo Guri da la'asar sakaliya. Na wanke motar, na mayar da kujeru, na kai wa Alhaji makulli tare da guntun sifirin. Da farko ya ce al'adar tasha ita ce wanda abu ya lalace a hannunsa shi ke gyara. Na nuna masa tsatsar, ɗaya daga cikin shaidunmu ya karanto takarda, babu inda aka ce gyara a kaina yake. Ya jujjuya ƙarfen a hannunsa, ya kira wani tsohon direba ya duba, shi ma ya ce tsohuwar karaya ce. Aka yi sulhu a kan shi ya ɗauki kuɗin ƙarfe, ni in ɗauki ladan bakanike, duk da cewa a hukunci duka nasa ne. Ya cire nasa daga cikon kuɗin haya, muka yi musabaha, ya tambayi jikin Baba. Katifar da igiyar gidan sauron suna nan a ɗaure a zaure, yara sun hana a kwance.