Gravensteen: Fadar Filib na Alsas a Birnin Gent

A tsakiyar Gent ta ƙasar Beljiyam, kana cikin hayaniyar kekuna da taragon lantarki, sai kawai ka yi kiciɓis da wata ganuwa ta dutse mai launin toka, gindinta tsamo-tsamo cikin ruwan kogin Leie. Gravensteen ke nan. A saman ƙofa akwai rubutun Latin da ke cewa Filib, uban ƙasar Filandas, ya gina ta a 1180.

Matakalar ciki ƙunci gare ta, tana murɗawa, mutum biyu ba sa jerawa, dutsen kuma ya yi santsi saboda sawu. In ka daure ka kai rufin, gari duka yana ƙarƙashinka, har hasumiyoyi ukun nan da Gent ke tinƙaho da su. Daga nan ake gane manufar maginin. Attajiran garin sun yi kuɗi da saƙar ulun Ingila, har sun fara gina gidajen dutse suna ɗaga kai. A ganina, Filib ya fi son su riƙa ɗaga ido suna ganin wannan gini fiye da tsoratar da wani maƙiyi na nesa.

Shi kansa bai cika zama wuri ɗaya ba. Mahaifiyarsa Sibila 'yar Fulk ce, Sarkin Kudus na 'yan Salibiyya. A 1177 Filib ya isa can, ɗan kawunsa Baldwin na Huɗu, sarkin da kuturta ta kama, ya yi masa tayin riƙon ƙwarya, ya ƙi. Maimakon haka ya nufi arewa ya yi wa garun Harim ƙawanya, ya taso hannu rabbana.

Labarin cikin gidansa ya fi na fagen fama muni. Ya auri Elizabet, magajiyar ƙasar Barmanduwa, ba su haihu ba. A 1175 ya zarge ta da wani jarumi, Walta na Fontaines, ya sa aka lakaɗa wa mutumin duka har rai ya yi halinsa, ƙasar matar kuwa ya ci gaba da riƙe ta. Sai ya ɗauki 'yar ƙanwarsa Isabela ya aurar wa matashin Sarkin Faransa, Filib Ogustus, a 1180, ya haɗa da yankin Artuwa a matsayin gara. Yana zaton zai juya yaro yadda ya so. Ina! Suka gwabza yaƙi, a sulhun Boves na 1185 dattijon ne ya saki ƙasa. Aurensa na biyu da Matilda ta Fotugal ma bai kawo magaji ba. A 1191 annoba ta kashe shi a sansanin Akka, inda ake fafatawa da rundunar Salahuddin Ayyubi, sarauta ta koma hannun ƙanwarsa Margaret da mijinta.

Bayansa ginin ya sha sauyi: kotu, kurkuku, har masaƙar auduga a ƙarni na 19, kafin a gyara shi. A 1949 ɗalibai suka mamaye shi don an ƙara kuɗin giya. Akwai ɗakin da aka baje kayan azabtar da fursunoni. In da yara ƙanana ka je, gara ka wuce da su kai tsaye zuwa rufin.