Kujerar Tsakiya

Duk wanda ya taso a ƙasar Birnin Gwari ya san akori-kura tun kafin ya san sunanta na gaskiya. Ita ce Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda bakinmu ya mayar da ita Fijo. A Faransa aka fara fitar da 404 cikin shekarar 1960, amma sai bayan da kamfanin haɗa Peugeot na Kakuri a Kaduna ya kama aiki a 1975 ne Fijo ta zama 'yar gida a Arewa, kayan gyaranta suka wadata, kowane bakanike ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Yaran yanzu in sun gan ta dariya suke yi. Ba su san ita ta kwashe masarar da aka biya kuɗin makarantar iyayensu da ita ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa game da motar nan shi ne yadda aka tsara gabanta. Giyarta a jikin sitiyari take, birkin hannu kuma yana ƙarƙashin allon gaba, saboda haka babu abin da ya tokare tsakanin direba da fasinja. Sai aka shimfiɗa benci guda daga ƙofa zuwa ƙofa. Mutum uku ke zama a kai cikin walwala, ranar kasuwa kuwa a yi huɗu, kowa ya haƙura da gwiwar ɗan'uwansa. Wannan benci shi kaɗai ne inuwa a duk motar. Wanda ya rasa shi sai baya, tare da buhuna da awaki, ya sha rana, ya ci ƙura.

Tamu Baba ne, Allah ya jiƙansa, ya saye ta a hannun wani ɗan kasuwa a 1983. Da ita yake jigila daga Tsohon Birnin Gwari zuwa sabon gari, ko ya nausa Funtuwa, wani lokaci ya bi ta Udawa da Buruku ya shiga Kaduna. Mu bakwai ya haifa, kuma babu ɗayanmu da bai yi zamani a tsakiyar bencin nan ba. Wurin yaro ne. Kana zaune, hannun Baba na kai da komo a gaban hancinka yana canza giya, Inna ko wani baƙo na gefen taga, kai kuwa kana ƙirga itatuwan dajin Kamuku har barci ya kwashe ka, ka faɗa kafaɗar wanda ya fi kusa. Idan ƙanenka ya isa tafiya, sai a sallame ka zuwa baya, ka san ka girma.

Da Baba ya rasu muka ƙi sa ta cikin rabon gado. Daga baya kuma daji ya ɓaci. Babu buƙatar mu tsaya ba da labarin abin da 'yan bindiga suka yi wa hanyar Kaduna da ta Funtuwa, kowa ya ji, wasu kuma a jikinsu suka ji. Tsohuwar mota da kan yi gardama a hawa ba abar shiga irin wannan hanya ba ce, don haka muka jingine ta a ƙarƙashin rumfa shekara shida. Sai a ƙarshen 2024, lokacin da gwamnatin Kaduna ta yi sulhu da mutanen daji aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe, sannan Yaya ya ce a taso da ita.

Injin bai ba mu wahala ba. Batir, filogi, wanke kafireto, sabon mai, ta yi tari sau biyu ta tashi. Benci ne ya zama magana. Ɓeraye sun yi gida a cikin soson, sifirin sun karye daga ɓangaren direba, ledar ta tsattsage. Ga kuma dalilin da ya fi wannan nauyi: Inna na fama da ciwon baya, kuma duk wata sai an kai ta asibiti Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 100 a kan hanyar da ramukanta suka fi kwaltarta yawa a wasu wurare. A motar haya cusa mutane ake yi, ta dawo gida ta kwana uku ba ta miƙe ba. Auta, wanda ya yi koyon gyaran mota a Kaduna, ya ce a cire bencin a sa kujeru biyu irin na motocin zamani, masu zurfi kamar akushi, da ke rungume mutum ta gefe da gefe, da matashin ƙeya, da bel.

Hujjarsa mai ƙarfi ce. A kan benci, in mota ta sha kwana, jiki zamewa yake yi, sai mutum ya ƙanƙame ƙofa ko ya dafe allo, kuma wannan ƙanƙamewar ce ke tayar da ciwon baya. Bencin ba shi da abin tare ƙeya, gilashin baya ne kawai ke jiran kan mutum idan an daki motar. Bel mai ratsa ƙirji da ƙugu kuwa tun 1959 kamfanin Volvo ya fara sa shi a motocinsa, amma tamu ko ramin ɗaura shi da ke jikin bodi tsatsa ta cinye. Tun 2003 Hukumar Kiyaye Haɗurra ke kama wanda bai ɗaura ba, kuma duk mai shiga Kaduna ya san inda suke tsayawa.

Inna ta saurara har ya gama. Sai ta dubi Yaya, wanda ba ta faɗin sunansa, ta ce, "Kai Babba, to wa zai zauna kusa da ni?"

Nan fa aka yi shiru. Duk lokacin da aka ɗauki mara lafiya a motar nan, kuma an ɗauka ba adadi, na gida da na maƙwabta, mutum biyu ke shiga gaba ban da direba: mara lafiyar da mai riƙe shi. Mata masu naƙuda da yawa a unguwarmu a kan bencin nan suka isa asibiti, kansu a cinyar ungozoma ko uwa. Akwai kuma batun kunya. Matar wa ba ta son zama kafaɗa da kafaɗa da ƙanen miji, sai a sa yaro a tsakiya, magana ta ƙare. Wanda ya ƙera kujera mai zurfi bai yi lissafin wannan ba, domin a ƙasarsu mutum ɗaya kujera ɗaya ne. Mu kuwa a nan, ko a Golf ɗin haya, fasinja biyu ake ɗorawa a kujerar mai zaman banza, ɗaya rabin jikinsa a kan birkin hannu.

Mun yi sati biyu muna ja. Kawu ya ce a kai bencin wurin mai ɗinkin kujeru ya zuba sabon soso, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Gaskiya ne hakan ya fi araha, amma sabon soso ba zai hana zamewa ba, ba kuma zai tare ƙeya ba. A ƙarshe ciwon bayan ne ya yi nasara, domin shi ne ke nan kullum, naƙudar maƙwabta kuwa yanzu akwai wasu motocin a gari.

Auta ya tafi Panteka a Kaduna neman kujeru. Na Golf sun fi yawa da sauƙin kuɗi, sai dai ba su da ƙafafu huɗu da za a ɗaure da noti. A cikin wasu kwaroro da aka yi waldarsu a ƙasan Golf ɗin suke zamiya, da maƙalli guda a gaba, don haka sai ka yanko ƙasan wata motar kafin su zauna. Na manyan motocin zamani kuma suna zuwa da wayoyin lantarki da jakar iska a cikin gefensu, abin da babu mai hankalin da zai sa wa wutar walda kusa. Ya dawo da guda biyu na Fijo 505, danginta ke nan, masu ƙarfen zamiya biyu-biyu a ƙasa.

Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka aikin noti huɗu ne a kwance, noti huɗu a ɗaure. Da aka ɗage bencin aka yaye tabarmar roba, sai ga ƙasan motar ya zama kamar rariya daga ɓangaren fasinja, inda ruwan damina shida ya kwanta. Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon ƙarfe. Ya so kuma ya liƙe kujerun kai tsaye da walda a gama a tashi, kamar yadda ake yi wa motocin kasuwa. Auta ya ce, "A'a Oga, yi haƙuri, tsohuwarmu za ta zauna a kai." Dalilinsa shi ne, in mota ta yi karo nauyin mutum kan ninka sau da yawa, kuma duk wannan nauyi a kan inda aka ɗaure kujera da bel yake sauka. Ɗigon walda a kan siririn ƙarfe tsinkewa yake yi, noti mara faifai kuma ya yage ƙarfen ya fito kamar maɓalli a tsohuwar riga. Sai aka ƙera firam na ƙarfe mai kauri, aka huda, aka sa notuna masu lamba 8.8 a kansu, kowanne da faifan ƙarfe kamar tafin hannu ta ƙarƙashin mota. Kafin kowace huda sai Auta ya kwanta a ƙasa ya duba inda bututun birki da na mai suka bi.

Tsayi ya fi komai cin lokaci. Sitiyarin 404 faffaɗa ne, domin da ƙarfin damtse ake juya shi, in kujera ta ɗaga da yatsa biyu sai ya riƙa gogar cinyar direba, in ta yi ƙasa kuma Yaya, da yake gajere ne, ba ya hango hancin motar. Ga ɗakin akori-kura ba shi da zurfi, kujera na komawa baya kaɗan sai matashin ƙeya ya daki gilashi. Sau uku ana ɗorawa ana saukewa. Ta Inna kuwa da ita aka gwada. Aka kawo ta gareji, ta zauna, aka ɗan kwantar da bayan, aka ɗaura mata bel tana mita wai an ɗaure ta kamar tunkiyar layya. Amma mun ga yadda ta saki kafaɗunta, abin da ba ta yi a mota ba shekara da shekaru.

Tsakanin kujerun biyu an sami fili taki ɗaya da 'yan yatsu. Mai ɗinkin kujeru, wanda ya yi musu sabuwar riga ruwan ƙasa don su dace da ƙofofi, ya ce zai iya haɗa ɗan akwati da soso a kai, yaro ya zauna. Da yawanmu mun so hakan, don kowa ya tuna zamaninsa. Auta ya ƙi. Ya ce yaron da ke zaune a kan akwati ba bel, daidai saitin gilashin gaba, shi ne farkon wanda zai fita in an taka birki da ƙarfi. Wani ya ce ai mu bakwai haka muka zauna, ga mu nan da ranmu. Ya ce a lokacin Baba ba ya wuce sittin, kuma babu tirelolin da ke bin hanyar yanzu. Aka bar wurin fayau, Inna na ajiye fulas da jakar katin asibiti.

Bencin yana zaure. Dattawan unguwa na zama a kai bayan la'asar, amma babu mai zama a lotsawar da jikin Baba ya yi daga hagu, ba don an hana ba.

An je Kaduna sau biyar da sababbin kujeru. Inna kan dawo ta yi sallarta a tsaye, washegari ta shiga madafa. Sai dai 'yar'uwarmu da ke riƙe ta a da, yanzu a baya take zama a kan buhu, da mayafi a hanci, tana leƙen Inna ta gilashi, in ta ga ta langaɓe sai ta buga rufin motar Yaya ya tsaya. A tafiya ta huɗu ruwa ya kama su bayan Udawa, ta iso Kaduna sharkaf. Yanzu Yaya na neman wanda zai ɗinka wa bayan rumfar tamfol a sa ɗan benci a jikin gilashi, Kawu kuma ya ce ba sai an sayi sabo ba, ga na zaure nan.