"Shina Bisa Hanya" da "Da Sauƙi"

Titin jirgin ƙasa bai taɓa isa Gidan Rumji ba, amma garin ya daɗe yana cin abinci da shi. Tun da dogo ya iso Kano a 1911, ya kuma kai Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗar ƙasar Gobir ta rinƙa gangarawa kudu, goro kuma yana hawowa arewa. Fatake kan sayi goro a Agege, su ɗaure shi huhu-huhu cikin ganye, a zuba a tarago zuwa Kano. Daga nan mota ta bi da shi ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Goro kuwa ba ya jure jinkiri: in ba a buɗe shi an sake masa ganye ba, sai ya bushe ko ƙwari su cinye shi.

A shekarun 1970, bayan farin da ya ƙarar da dabbobi, wani magidanci a garin ya tattara abin da ya rage masa ya aika wa ƙanensa da ke zaune a Agege. Ƙanen ya yi lodi, ya aiko da takardar shaidar kaya. Mako uku suka wuce, goro bai sauka Kano ba. Ana cikin haka mahaifiyarsu ta kwanta, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. Kuɗin da za a kai ta likita Maraɗi, tafiyar kimanin kilomita 50, suna cikin taragon da ba wanda ya san inda yake.

Daga nan gidan ya koma rayuwa a kan jimloli biyu. In tsohuwa ta tambayi ɗanta labarin goro, sai ya amsa da Gobirancinsu: "Shina bisa hanya, Inna." In shi ya tambaye ta jiki, ta ce, "Da sauƙi." Babu wanda ya ruɗi wani. Ita ta ga ya daina cin tuwon dare, shi kuma ya ga yadda take cije leɓe kafin ta yi magana. Bahaushe ba ya ɗaukar "da sauƙi" a matsayin rahoto. Addu'a ce da ladabi, ainihin labarin kuwa yana cikin murya, da shirun da ya gabaci amsa, da kallon da ya biyo ta.

Matsalar ta taso ne da aka ɗora waɗannan jimloli a takarda. Rubutun boko na yau da kullum bai nuna karin sauti ko tsawon wasali, balle rawar murya. Wan ya aika wa ƙanensa cewa Inna ba ta jin daɗi, amma da sauƙi. Ƙanen ya karanta kalmomin yadda suke, ya ci gaba da zarya tsakanin tashoshi yana cigiyar tarago, don yana kunyar komowa gida hannu rabbana. Shi ma amsar da ya aiko ita ce kaya suna bisa hanya. Wan ya gaskata, ya ƙi sayar da ɗan bijimin da ya rage, yana cewa a ƙara haƙurin kwana biyu.

Uwargida ce ta yanke wannan zare. Wata safiya ta kira wani ɗan lakkol, ta ce ya rubuta wa ƙanen mijinta abin da za ta faɗa, kada ya gyara ko kalma ɗaya: jikin Inna ya yi tsanani, ya taho, ko da goro ko babu. Sannan ta durƙusa gaban mijinta ta ce, "Malam, a kai bijimin nan kasuwa. Goro ya iya jira, Inna ba ta iyawa."

An sayar da shi, an kai tsohuwa Maraɗi. Ƙanen ya iske ta da rai, ya yi jinyarta kwana tara kafin ta cika. Bayan sadakar arba'in labari ya zo cewa an ga taragon an jingine shi a wata ƙaramar tasha, fiye da rabin goron ya lalace. Abin da ya tsira bai mayar da uwar kuɗi ba.

Har suka tsufa, in takarda ta shiga tsakanin waɗannan ƴan'uwa, bayan gaisuwa da "da sauƙi" sai mai rubutu ya ƙara layi guda, ya faɗi ko mara lafiya yana iya tashi salla da kansa.