Raƙuman Kara a Gure

Daga Daura zuwa Kongolam ba wata tafiya ba ce. Kafin yara su gama rigimar wurin zama a mota mun iso bakin iyaka. 'Yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu ne, maza da mata, sai ni da wata malama abokiyar aikina. Wani malamin koleji a Gure, wanda muka san juna a taron marubutan Hausa, shi ya ce mu kawo yaranmu su yi aiki da nasa. Aka duba takardu a Kongolam, aka sake dubawa a Ɗan Barto, muka wuce Matamaye, muka hau babbar hanya a Takeita, sai Damagaram.

Ba mu daɗe a Damagaram ba. Mun ci abinci, mun leƙa unguwar Birni, yara sun ga ƙofar fadar Sarki da duwatsun nan da suka yi wa gari rumfa. Na gaya musu nan ne babban birnin Nijar har 1926 da aka mayar da shi Yamai, kuma a nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. Na ambaci Sarki Tanimu, wanda André Salifou, ɗan garin, ya rubuta wasan kwaikwayo a kansa. Babu ɗaya daga cikin yarana da ya taɓa jin sunan, alhali gidajensu sun fi kusa da Damagaram a kan Kaduna.

Daga nan zuwa Gure kimanin kilomita 170 ne, gabas sak. Bayan lambunan Mirya ƙasa ta fara sauya kama. A Gidimuni muka tsaya bakin tafki muka sayi dabino, kuma tun daga Gidigir idon mutum ba ya hutawa da rairayi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kwaruruwan da ke ɓoye tsakanin tuddan yashi. Kana tafe cikin fili fetal, sai ka hango ƙasa ta lotsa, a cikinta ga dabino da goruba da 'yan lambuna kore shar, a tsakiya kuma farar kanwa ta fito bisa ƙasa. A gefen wasu kwaruruwan an kafa shingaye na busassun rassa, layi bisa layi, don tare yashin da iska ke turowa. Mutanen wurin da hannunsu suke kare gonakinsu daga binnewa.

Gure ƙasar Mangawa ce, reshen Barebari, kuma nan ne mazaunin sarautar Muniyo. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya sauka a garin a ƙarshen 1852, zamanin Sarki Koso, a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. A kasuwa za ka ji Barbarci da Fulatanci da harshen Tubawa da na Buzaye, amma idan ciniki ya haɗa mutum biyu da ba su jin yaren juna, Hausa ce ke raba gardama.

Daren farko aka shimfiɗa tabarmi a farfajiyar makaranta, aka kawo burabusko da miyar kuka. Kunya ba ta wuce lokacin cin abinci ba. Yaran Gure suka rufe namu da tambayoyi: wane jarumin fim suka taɓa gani ido da ido, ina ake ɗaukar waƙoƙi a Kano, da gaske ne rijiyar Kusugu tana nan da ruwa. Sun san mawaƙanmu tun daga Shata har na yau, sun san sunayen gwamnoninmu. Da malaminsu ya juya ya ce, "To 'yan Daura, ku kuma me kuka sani game da Muniyo?" sai wuri ya yi tsit. Wannan abu ya dame ni ƙwarai. Shekara da shekaru muna tura musu fim da waƙa da littafi, suna karɓa hannu bibbiyu, mu kuwa ba mu taɓa tambayar me ke wajensu ba. Zumuncin da ƙafa ɗaya kawai ke takawa ba ya nisa.

Mun zo da wasanmu a shirye, amma mai masaukinmu ya ce a ajiye shi. "Malam, in kowa ya nuna nasa ya zauna, kallo aka yi. A haɗa su su ƙirƙiri abu ɗaya." Ya gayyato kakan ɗaya daga cikin ɗalibansa, dattijo da ya bi ayari yana saurayi. Yara suka kewaye shi suna "Baba, sai me ya faru?" shi kuwa yana ba su labarin yadda ake kankare kanwa, yadda ake tace ƙasa mai gishiri a dafa ruwan har ya zama mangul, yadda ake ɗora wa raƙuma da takarkarai a nufi kasuwannin Gumel da Kano, a dawo da gero da tufafi. Wata yarinya daga cikin namu ta ce kakarta ba ta dama kunu sai da jar kanwa, kuma ba ta taɓa tunanin daga ina take zuwa ba. Daga wannan magana wasan ya samo tushe: ayarin kanwa da ya tashi daga Muniyo, ya dawo ya tarar an ja layi a kan hanyarsa.

Layin nan ba almara ba ne. Tsakanin 1906 da 1908 ne tawagar Faransa ƙarƙashin Tilho da ta Ingila suka bi ƙasar nan daga Kwara har Tafkin Chadi suna kafa alamomin iyaka. A wasan, wani ɗan Gure ya fito a Bafaranshe yana zuba Faransanci, ɗan Daura ya fito a Ba'ingile, tafintoci biyu kuma suna tsakiya kowa na juya magana yadda za ta yi wa maigidansa daɗi, madugu na tsaye da raƙumansa ba wanda ya tambaye shi. Yaran ne suka tsara wannan fage da kansu, kuma sun fi kowane darasin tarihi da na taɓa koyarwa fito da zafin abin.

Raƙuman kuwa na kara ne. Yaran Gure sun san wasan kara irin na Damagaram, inda ake kwaikwayon manya da kayan da aka ƙera da karan gero, don haka cikin yini suka ɗaure raƙuma da bindigogi da madubin hangen nesa na Bature. Namu suka koya, suna yanke yatsu suna dariya. A wajen wannan aiki wani yaro Babarbare ya gano cewa ɗaya daga cikin 'yan matanmu Bafulatana ce, nan take ya ce ai baiwarsa ta zo, ita ma ta rama ba ta rage ba. Ba wanda ya koya musu wannan. Wasan taubasantaka ne, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014, ga shi yana aiki tsakanin yara biyu da ba su taɓa haɗuwa ba. Muka ce a saka shi cikin wasan yadda yake.

Kiɗa ya zo daga wani tsohon ɗalibi mai gurmi. Shi ya ba yarana labarin Mamman Barka, haifaffen Taskar da ke arewa da Gure, malamin makaranta da ya yi suna da gurmi har Najeriya, daga baya ya tafi bakin Tafkin Chadi ya koyi biram wajen mutanen Buduma don kada kayan kiɗan ya ɓace. Ya rasu a 2018. Malamin makaranta ne kamarmu, kuma bai ga aji da fagen kiɗa a matsayin kishiyoyi ba.

Ranar wasa iyaye mata suka cika gefe ɗaya, dattawa suka zauna gaba. An yi dariya wajen tafintoci har da riƙe ciki, amma da madugu ya tsaya gaban layi, ɗansa na can ɗaya ɓangaren, na ga tsofaffi suna gyaɗa kai. Mutanen nan sun ga rufe iyaka a 2019, sun sake gani a 2023, kuma kusan kowannensu yana da ɗan'uwa a Nguru ko Machina.

Ina jin makarantunmu na alfahari idan suka ƙulla hulɗa da wata makaranta a Ingila ko Amurka, ana musayar zane ta intanet. Ban raina wannan ba. Sai dai tafiya irin tamu ba ta buƙatar biza ko tikitin jirgi, mota ce da mai da yardar iyaye, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar.

Kafin mu taso muka zauna da shugaban makarantar muka tsayar da magana: bayan kaka su ne za su zo Daura. Yaransa sun riga sun rubuta abin da suke so, su ga Kusugu, su shiga kasuwa, su kuma sake yin wasan a gaban iyayen namu. Raƙuman ba su shiga mota ba, don haka ɗaure sababbi ya hau kan 'yan Daura.